Awa Ɗaya a Sama, Rabin Wuni a Ƙasa

Ana sallame sallar asuba a Aliero, tun masu albasa ba su fara jan buhuna zuwa bakin titi ba, wani malamin jami'a ya rataya 'yar jakarsa zai fita. Taro gare shi a Abuja da yamma. Tikitin jirginsa yana cikin waya, kuma abin da ke rubuce a jiki mai daɗin karantawa ne: tashi daga Birnin Kebbi, sauka a Abuja, tsakani awa ɗaya. Uwargidansa ta biyo shi har zaure da kofin shayi.

"Malam, wannan irin sammako haka? Ba ka ce sai rana ta take jirgin zai tashi ba?"

"Haka ne," in ji shi. "Amma shi jirgi ba ya jiran kowa, ni kuwa sai na jira mota sau uku kafin in sa shi a ido."

Lissafinsa daidai ne. Filin jirgin da ake kira na Birnin Kebbi ba a cikin Birnin Kebbi yake ba. Yana Ambursa, kan hanyar Argungu, kimanin kilomita 20 gabas da birnin. A takardun hukuma sunansa Filin Jirgin Sama na Ƙasa da Ƙasa na Sa Ahmadu Bello, amma a tasha ba mai tsayawa faɗin wannan dogon suna. Ambursa kawai ake cewa, ko kuma, a harshen mutanen nan da ke mayar da "f" ta koma "h", hilin jirgi.

Wanda ya shimfiɗa taswirar Jihar Kebbi ya ɗora tsinke a kai zai ga abin mamaki. Maiyama da Jega da filin jirgin kusan a layi ɗaya suke daga kudu zuwa arewa, kamar an jera su da igiya. Daga Jega zuwa filin, a miƙe, bai wuce kilomita 30 ba. Daga Aliero ma bai kai haka ba. Sai dai babbar hanyar da motocin haya ke bi ba ruwanta da wannan layi. Takan karkata arewa maso yamma ta kai mutum Birnin Kebbi, kusan kilomita 40 daga Jega, sannan ta juyo da shi gabas zuwa Ambursa. Talatin ta koma kusan sittin ke nan. Mutumin Aliero zai ɗora kimanin kilomita 15 a kai, na Maiyama kuwa kusan 20. Akwai hanyoyin ƙauye da 'yan kabu-kabu suka sani, masu ratsa gonaki su yanke tafiya, amma mai farar shadda a jiki da tikiti a aljihu ba ya gwada sa'arsa a kansu, balle da damina.

Motar farko ba ta ba shi wahala ba. Cikin minti ashirin ta sauke shi a Jega, kuma a nan aka fara cin lokaci.

Jega mararraba ce, kuma da ganin safiyarta an san haka. Babban titin da ya taso daga Legas ya bi ta Ibadan da Ilorin da Jebba da Kontagora da Yawuri da Koko, ta Maiyama yake shigowa, ya tsallake gulbin Zamfara, ya ratsa Jega, ya wuce Aliero da Tambuwal har Sakkwato, ya ƙare a Illela kan iyakar Nijar. A nan ne kuma hanyar Birnin Kebbi ta balle. Tireloli masu shanu sun fuskanci kudu, tankokin mai sun fuskanci arewa, mai shayi yana ta sheƙa ruwan zafi daga kofi zuwa kofi, mai ƙosai ta kasa ɗaga kai saboda ciniki. A bakin tasha ɗan kamasho yana bubbuga rufin wata tsohuwar mota yana kiran Birnin Kabi.

"Shigo, Malam, saura mutum guda mu tahi."

Ya shiga. Gaba biyu, baya huɗu. Minti goma suka wuce, sha biyar suka wuce, mutum gudan nan bai zo ba.

"Ɗan'uwa, tun ɗazu nake jin saura mutum guda."

"Yanzu-yanzu, ranka shi daɗe, ga wata mata can tahe."

Matar ta zo ta wuce, ashe Koko za ta. Daga ƙarshe malamin ya duba agogo, ya zaro kuɗin kujerar da ba kowa ya biya, direba ya tayar da mota. Ba a ga laifin direban ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta ci gaba da hawa. Direban da ya tashi da kujera ɗaya babu kowa, ribar lodinsa ce ya bari a tasha. Wannan jiran ba ya cikin kowane tikiti, amma duk mai zuwa Ambursa daga waɗannan garuruwa uku sai ya sa shi a lissafi.

Hanyar Birnin Kebbi shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da dawa hagu da dama, ga shingayen jami'an tsaro jefi-jefi inda ake rage gudu a gaisa. Minti arba'in zuwa hamsin an shiga birni. Nan kuma sai mota ta uku: ko dai mutum ya yi shatar mota ko keke napep har ƙofar filin, ko ya shiga motar Argungu ta sauke shi a bakin titi ya ƙarasa da kabu-kabu. Malamin ya yi shata. Suka bi ta Gwadangaji, suka wuce Zauro, inda fadama ke shimfiɗe kore shar da shinkafar rani. A wannan yanki ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamban 2015, shirin da ya sa sunan Kebbi ya shiga bakin 'yan Legas. Gaba kaɗan sai ga hasumiyar filin jirgin ta bayyana a tsakiyar fili fetal.

Filin nan yaro ne idan aka gwada shi da na Kano. An ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agustan 1991, kuma shekaru da dama bayan haka duk Bakaben da ke son hawa babban jirgi sai ya nufi Sakkwato, alhazai ma can ake kwasarsu. A zamanin Gwamna Sa'idu Usman Nasamu Dakingari, wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015, aka yi babban aikin da ya mayar da Ambursa filin da manyan jiragen alhazai za su iya sauka su tashi. Wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa Sakkwato cikin zafin bazara, ya kwana a gindin bishiya yana jiran a kira sunanta, ba sai an yi masa bayanin amfanin wannan aiki ba.

A ciki, al'adar kowane filin jirgi ce: a duba tikiti da katin shaida, a auna kaya, a bi ta na'urar bincike, a zauna. Kamfanoni suna son fasinja ya iso aƙalla awa ɗaya kafin tashi, mai hankali kuma yakan ƙara rabin awa a kai. Zauren jiran ba shi da hayaniyar Abuja ko Legas. Fuskokin ma kusan sanannu ne: manyan ma'aikatan gwamnati, 'yan siyasa da masu riƙe musu jaka, 'yan kwangila, malaman jami'a, wani lokaci da mara lafiyar da ake kaiwa babban asibiti. Ana gaisawa ana tambayar mutanen gida kamar a wurin ɗaurin aure.

Tsakanin Ambursa da filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja kimanin kilomita 500 ne a sama. Jirgin fasinja mai injin jet yakan yi gudun kilomita 800 ko fiye a awa idan ya daidaita a can sama, don haka mai lissafin kai tsaye zai ce ai tafiyar ba ta kai minti arba'in ba. Amma jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai ya gangara a hankali zuwa bakin titinsa, ya jira izini daga hasumiya, ya tashi, ya shafe kusan sulusin awa yana hawa. Bai daɗe da daidaita ba kuma sai ya fara sauka, ya bi layin da masu kula da zirga-zirgar sama suka ba shi, wani lokaci ya yi shawagi yana jiran wani ya sauka kafin shi. A gajeriyar tafiya irin wannan, hawa da sauka su ne suka cinye fiye da rabin lokacin. Shi ya sa ake rubuta awa ɗaya. Zafin ƙasar ma yana da nasa hannu a ciki. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Kebbi, iska takan yi sako-sako, fukafukai ba sa samun abin riƙewa da wuri, sai jirgi ya yi doguwar sheƙa a ƙasa kafin ya ɗaga.

Malamin ya samu kujerar taga. Miƙaƙƙen layin da ya haɗa Ambursa da Abuja kudu maso gabas ya nufa, kuma dab da Aliero yake wucewa. Ranar da sama ta yi garau, matuƙi kuma ya bi kusa da wannan layi, minti biyar bayan tashi mutum zai iya hango garin a ƙasa: baƙin zaren kwalta da ya nufi Tambuwal, rufin gine-ginen jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, da fadamun albasa kamar an yanka tabarma gida-gida. Ya manna goshi a gilashi yana neman unguwarsu. Wurin da ya baro tun asuba, ya sauya mota uku, ya yi tafiyar kilomita 70 da ɗoriya, ga shi ya dawo ta kansa kafin ma'aikaciyar jirgi ta miƙo masa ruwa.

A Abuja ma filin jirgin ba a cikin gari yake ba. Akwai kimanin kilomita 40 zuwa tsakiyar birni, minti arba'in idan hanya ta yi kyau, fiye da awa idan an haɗu da cunkoson Lugbe. Idan aka tara duka, daga ƙofar gida a Aliero ko Jega ko Maiyama zuwa ƙofar ofis a Abuja, tafiyar da tikiti ya kira awa ɗaya takan ci awa biyar zuwa shida, in komai ya tafi daidai.

Duk da haka, wanda ke da hali jirgin yake zaɓa, kuma yana da hujja. Ta mota, daga Jega zuwa Abuja ya haura kilomita 600: Maiyama, Koko, Yawuri, Kontagora, Tegina, Zungeru, Minna, Suleja. Wuni ne cur, awa goma ko fiye, gwargwadon lafiyar mota da ta titi. Ba gajiya kaɗai ake gudu ba. Sunayen da ke kan wannan hanya da kewayenta sun shiga labarai ta mummunar ƙofa. A shekarar 2021 kaɗai, 'yan bindiga sun kwashe ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu, sun ɗebi yaran wata Islamiyya a Tegina a ƙarshen Mayu, sannan a watan Yuni suka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, a cikin Jihar Kebbi kanta. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. A wannan zamani hanyar lafiyar ta koma sama, kuma kuɗinta ba na kowa ba ne. Tikitin zuwa kaɗai yakan zarce naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024. Malamin firamare a Maiyama, da mai kai ɗansa wurin masu ɗori a Aliero, da ɗalibar da za ta koma makaranta a Minna, duk a ƙasa suke bi, su yi addu'ar tafiya su shiga mota. Abin yana da ciwo a ce aminci ya zama kayan sayarwa, mai kuɗi ya tsallake daji ta sama, mara shi ya ratsa ta ciki.

Akwai kuma zaɓi na biyu da mutanen Aliero suka fi kowa sani. Filin jirgin Sultan Abubakar na Uku yana kudancin Sakkwato, wato ɓangaren da mai zuwa daga Tambuwal da Shagari da Boɗinga zai fara tararwa tun bai shiga cunkoson gari ba. Daga Aliero ya ɗan haura kilomita 100, titi ɗaya miƙaƙƙe ba sauya mota. Jiragen Ambursa ba kullum jadawalinsu ke zama daram ba. Kamfani yakan zo ya yi 'yan watanni ko shekaru, ya rage kwanaki ko ya janye idan fasinja sun yi ƙaranci. Don haka matafiyin da ya ƙware yakan duba filayen biyu kafin ya sayi tikiti, ya ga wanne ne ke da jirgi ranar da yake so. Sau da yawa filin da ya fi nisa shi ne ya fi kusa da biyan buƙata.

Sai kuma hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta baza ta a sararin Arewa. Hazo yakan yi kauri har mutum ya dubi rana ido da ido ba ta kashe masa gani ba. Kowane filin jirgi yana da iyakar nisan da dole matuƙi ya iya hangowa kafin a ba shi izinin sauka, kuma idan hazo ya rufe ƙasa da wannan iyaka, jirgin da zai zo daga Abuja ba zai ma taso ba. Fasinjan da ya baro Maiyama da asuba sai ya wuni a zauren jira, la'asar ta yi a ce masa sai gobe. Ya koma gida kilomita 80, ko ya nemi ɗan'uwa a Birnin Kebbi ya kwana. Shi ya sa a wannan lokaci masu muhimmin taro kan tafi tun ana jibi.

Mutanen Jega ba baƙin lissafin tafiya ba ne. Da shi aka kafa garin. Wajen 1820 Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi. Mahaifinsa shi ne malamin nan na Gimbana, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda harin da Gobirawa suka kai wa garinsa a ƙarshen 1803 ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Har yau Gimbanawa ake kiran zuriyarsu. Cikin ƙarni na 19 Jega ta zama babbar kasuwar ƙasar Gwandu, matattarar fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yakan taso da jakuna ɗauke da kanwa da baƙin yadi da fatu, madugu yana shugabanta, jagaba yana gaba yana duba hanya, a yi watanni kafin a ga Salaga, a yi wasu watannin kafin a dawo. Su ba da kilomita suke awo ba, da zango suke yi: inda jaki mai kaya zai kai kafin rana ta yi zafi, inda akwai rijiya, inda sarkin gari ke karɓar fito ya ba da kariya. Da wannan ma'auni, daga Jega zuwa inda filin jirgi yake a yau tafiyar zango biyu ce. Wanda ya zauna da dattawan kasuwar Jega zai ji har yanzu tambayarsu ta farko game da kowace tafiya ita ce "ina za a kwana?", kafin a zo maganar nisa.

Amma in ana son ganin ranar da filin Ambursa ke zama na kowa da kowa, sai a zo lokacin aikin Hajji.

A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Maiyama, wata dattijuwa ce 'ya'yanta suka haɗa kuɗin shinkafar rani da na bijimai suka biya mata kujera. Ba ƙaramin abu ba ne, domin kuɗin kujerar maniyyacin Arewa ya haura naira miliyan takwas a 2025. Ba ta taɓa wuce Birnin Kebbi ba. Ranar da aka kira su sansanin alhazai, mota biyu aka cika da 'yan rakiya. Ta sa yadin maniyyata iri ɗaya da na sauran, jakar hukuma a kafaɗa, fasfo da guzuri a ɗaure cikin lalita a ƙugu, ga ƙullin garin kunu da yaji da kuka da jikokinta suka cusa mata. A kan gadar Jega ta sa aka rage gudu, ta dubi ruwan gulbi ta yi salati.

A sansani ake sanin haƙuri. Jirgi ɗaya ne ke kai wani rukuni ya dawo ya ɗauki wani, kuma kowane tashi sai an daidaita biza da jerin sunaye da lokacin da hukumomin Saudiyya suka ba da na sauka. Maniyyaci yakan kwana ɗaya ko biyu a kan tabarma yana kasa kunne ga lasifika. 'Yan rakiya suna waje, masu abinci da masu sayar da buta da silifa da carbi sun kafa kasuwa. Babban ɗanta yana zaune kusa da ita yana yi mata bitar yadda ake ɗaura bel ɗin kujera.

"Ɗana, kwana nawa za mu yi a sama?"

"Inna, ba a kwana. Kamar daga azahar zuwa isha'i ne, kin isa Madina."

Ta yi shiru tana juya carbi, sannan ta ce, "Ikon Allah. Kakana shekara bakwai ya yi."

Irin wannan magana ba baƙuwa ba ce a gidajen ƙasar Hausa. Kafin jirgi, alhazai da ƙafa da jaki da raƙumi suke tafiya: Kano, Borno, su tsallaka Chadi, su shiga Darfur da Kordofan, su kai bakin Nilu, daga nan Suwakin ko Port Sudan, su hau jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Guzuri yakan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago, da yawa a gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, a tara abin ci gaba. Wasu sun dawo da furfura, wasu sun rasu a hanya, wasu kuma sun zauna can har abada. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ne ya kafa shi tare da jama'ar da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma har gobe ana jin Hausa da Fulatanci a can.

Yau daga Ambursa zuwa Madina kimanin kilomita 3,900 ne, zuwa Jidda kuma ya ɗan gaza haka. A miƙe tafiyar awa biyar ce ko da 'yar ɗoriya, ta saman Nijar da Chadi da Sudan, kusan sawun da kakanni suka bi a ƙasa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai jiragen alhazan wannan shekarar suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru da kimanin awa biyu, kuɗin jigila ma ya tashi. Rikicin Khartum ya taɓa aljihun manomin Maiyama ke nan, ƙasar da a da take ciyar da alhazai a hanya ta zama wadda ake kewaye wa. Ga kuma bambancin agogo: Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu, don haka wanda ya sauka ya ga dare ya yi nisa fiye da yadda jikinsa ke gaya masa.

A ranar 15 ga Mayun 2024, daga wannan fili na Ambursa aka ƙaddamar da jigilar alhazan Nijeriya gaba ɗaya. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya zo, Gwamna Nasir Idris ya karɓi baƙi, jirgin kamfanin Flynas ya tashi da maniyyatan Kebbi fiye da 400. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye sun saba fitowa su tsaya a bakin gonaki suna kallon irin wannan tashi. Jirgin yakan ɗaga, ya karkata, ya fuskanci gabas da ɗan jirkicewa arewa. Dattijuwar Maiyama ba ta san kilomita ba, amma ta san wannan fuska. Ita take kallo sau biyar kullum tun tana yarinya.

Da an gama jigilar alhazai, filin yakan koma shirunsa, kuma a nan ne mai kishin wannan yanki zai yi tagumi. Aliero tana cikin manyan kasuwannin albasa na Nijeriya. Manomi yakan adana ta a rudu, rumfar kara da ciyawa da ke barin iska ta ratsa, yana jiran farashi ya tashi, yana kuma kallon wani kaso yana ruɓewa. Wadda aka sayar tirela ce ke ɗaukarta, ta kwana biyu ko uku a hanya kafin ta kai Legas ko Onitsha. Ba wanda zai ce a loda buhun albasa a jirgi, nauyinta ya fi kuɗinta. Abin da garuruwan nan uku ke buƙata daga filin ya fi wannan sauƙi: jadawalin da za a iya dogara da shi mako bayan mako, motar haya mai lokaci tsayayye daga mararrabar Jega zuwa ƙofar filin, da kyakkyawar kwalta da za ta bi gajeren layin nan na arewa maimakon zagaye. An ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 a watan Oktoban 2024, kuma zai ratsa Jihar Kebbi. Alheri ne, amma kilomita talatin ɗin da ke tsakanin Jega da Ambursa su ne za su fi sauya safiyar malamin Aliero da ta ɗan kasuwar Jega.

Bayan kusan kwana arba'in aka ce jirgin su Inna yana tafe. 'Ya'yanta suka yi shatar bas tun la'asar suka tafi Ambursa. Aka yi magariba a bakin shinge, aka yi isha'i, yara suka yi barci a kan cinyoyin iyayensu. Can tsakar dare fitilu biyu suka bayyana daga gabas, ƙara ta cika fili, jama'a suka miƙe da kabbara. Sai da aka ƙara awa biyu kafin ta fito, ta rame kaɗan, fuskarta na sheƙi, haƙorin Makka yana walƙiya idan ta yi murmushi, wani jikanta ya karɓe galan ɗin Zamzam mai lita biyar ya rungume.

"Sannu da zuwa, Hajiya Inna. Ya hanya?"

"Lahiya lau, ɗana. Ban ko gama barcina ba aka ce mun iso."

Bas ta bi ta Zauro da Gwadangaji cikin duhu, ta ratsa Birnin Kebbi ba kowa a titi, ta kama hanyar Jega. A mararraba suka tsaya suka yi asuba tare da direbobin tirela. Suka tsallake gada, suka wuce Maiyama, suka sauka daga kwalta suka kama burji, motar tana tangaɗi tana kauce wa kwatar ruwan farkon damina. Rana ta ɗan ɗaga lokacin da suka tsaya a ƙofar gida. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma a tsakar gida, mata suka fara shigowa da guɗa, kowace da ɗan kofinta a hannu tana jiran a ɗiga mata Zamzam.